Ƙunshi Biyar a Cikin Firizata

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin farko da na yi a garin Greensboro, can ƙasar waje, ba, kuma ko na so in manta, maigidana Abban Hanifa ba zai bari ba. Har gobe in muka yi baƙi, hira ta yi daɗi, sai in ga ya gyara zama yana kallona ta wutsiyar ido, in san ya kusa ɗauko labarin firiza. Shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina, ko ba komai na rage gishirin da yake ƙara masa.

Lokacin watanmu huɗu da zuwa. Shi yana karatun digiri na uku, in ya fita da safe sai magariba. Ni kuwa ina gida da Hanifa, 'yar wata bakwai, a wani ɗan gidan haya a unguwar Glenwood. Ban iya mota ba, Turancina kuma na aji ne, in mutanen garin suka ja nasu sai dai in yi ta murmushi ina gyaɗa kai. Ni da na tashi a Zariya, a gidan da ƙofarsa ba ta hutawa, sai ga ni ina wuni ban ji sallamar kowa ba. Na sha kuka a wannan gida, ba na ɓoyewa.

Wadda ta fitar da ni daga wannan hali maƙwabciyarmu ce, Mama Loretta. Tsohuwa ce baƙar fata, mijinta ya rasu, ta yi shekara da shekaru tana girki a wata makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa. Duk Talata za ta danna hon, mu ɗaure Hanifa a kujerarta ta baya, ta kai ni cefane. Ita ta kai mu allurar rigakafi, ita ta koya mini yadda ake shiga bas. Ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce «ɗiyata». A duk faɗin unguwar ita kaɗai gare ni, kuma na san haka.

To, ana sauran wata guda Kirsimeti muka je wani suna, na zauna kusa da Anti Hajara, wadda ta fi shekara ashirin a garin, duk sabuwar zuwa kuma sai ta bi ta hannunta. Ta dube ni ta ce, «Ke Amarya,» (ina da goyo, amma a wajenta har yau ni Amarya ce) «lokacin gashe-gashensu ya zo. Mutanen nan akwai kirki, za su yi ta kawo miki kek da biskit. Amma ki sani, wasu da man alade suke kwaɓi, wasu kuma har giya suke tsiyayawa a kek ɗin Kirsimeti. Kowa ya ba ki, ki tambaya.»

Na ce, «To, Anti.» Amma a zuciyata rabin maganar na ɗauka, rabin da ya ba ni tsoro. Ɗaya rabin kuwa, na tambaya, tun a wajen na yar da shi. A gidanmu, maƙwabciya ta aiko miki da abinci ki ce mata «me kika sa a ciki?» ai kin gama zaginta. Kin ce ke nan ta yi miki barbaɗe. Na taɓa ganin Goggona ta yi gaba da wata mata shekara biyu a kan ƙasa da haka.

Ranar ɗaya ga Disamba sai ga Mama Loretta da faranti a lulluɓe da takardar nan mai ƙyalli. Biskit ne, da ɗuminsa, ƙamshin citta da bota ya cika falo. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya har da ɗan rusunawa. Tana fita na tsaya ina kallon farantin kamar an ba ni ajiyar maciji. Ci dai ba zan iya ba. Zubarwa kuwa, abinci ne, ina tsoron Allah. Tambaya kuma na riga na faɗa muku. Sai idona ya faɗa kan babbar firizarmu ta ɗakin baya, inda muke ajiye naman ragon da muka yi watanda da wasu gidaje. Na ɗaga gefen takardar kaɗan na leƙa, don in san abin da zan yaba, na zame ƙunshin gaba ɗaya daga farantin, na ɗaga cinyar rago na tura shi ƙasa.

Abban Hanifa ban gaya masa ba. Na san halin kayana. Ko dai ya yi bisimilla ya cinye (in abu da sukari ne, fatawa ba ta yi masa wuya), ko kuma ya tsallaka ya tambaye ta gatsau, ya kunyata ni. Dama shi da ɗakin baya sai dai ya wuce ta ƙofarsa.

Saura faranti. Kowa ya san kwanon maƙwabta ba ya komawa wayam, yaba kyauta tukuici. Na zage na soya cincin, irin na Goggo, mai ƙarfi, wanda ake yi wa matafiyi guzuri ya yi wata uku bai yi komai ba. Na cika farantin na kai mata. Ta tambaye ni yaya biskit. A nan ne Shaiɗan ya ari bakina.

Na ce, «Mama, ai ba a magana. Tun a daren muka cinye. Maigidana har yana lasar yatsa.»

Fuskarta ta yi haske. Ta dafa ƙirji ta ce, «Haba ɗiyata! To ai ba ku ci komai ba tukuna.»

Abin da ban sani ba shi ne, su ma a wannan yanki nasu kwano ba ya komawa wayam. Ashe gwana ta gamu da gwana. Bayan kwana uku farantin ya dawo da wani abu da suke kira fai, mai zuma da irin gyaɗarsu ta bishiya. Ya bi sahun biskit ƙarƙashin rago. Na mayar da dubulan. Ya dawo da kek ɗin ayaba. Na mayar da alkaki, wanda sai da na kira Goggo a waya ta tuna mini yadda ake tsima shi. Ya dawo da fai ɗin dankalin Hausa. Kowanne kuma sai na yabe shi, kuma ƙarya ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, kullum sai ta nemi ƙari. Na ce fai ɗin farko yanka uku Abban Hanifa ya ci a tsaye. Na ce kek ɗin ayaba har faɗa muka yi a kan yankan ƙarshe. Bawan Allah yana can ɗakin gwaje-gwaje yana cin burodi da shayi, bai san ya zama acici a unguwa ba.

Ranakun Talatar nan kuwa sun zame mini azaba. Garin ya rikice da sayayya, titin Wendover ya cushe, mota ba ta gaba ba ta baya, ko'ina fitilu da waƙoƙin Kirsimeti. Mu shiga wannan kanti neman fulawa, mu fita mu shiga wancan neman takardar naɗe kyauta ga jikokinta, mu biya gidan waya ta bi layi da kwalaye, sannan ta karkata da ni titin Gate City in sayi manja da garin alkama. Duk tsawon hanyar nan hirarta ɗaya ce: wanne ya fi mana daɗi, sukarin bai yi yawa ba, ɓawon fai ɗin bai yi tauri ba? Ni kuwa ina gefe ina sharhi a kan abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba, har da cewa na ayaban ya fi laushi. Bakina dai bai daina ba.

Ƙunshi na biyar, wani kek mai nauyi cike da busassun 'ya'yan itace, shi ya zo da gayyata. Ta ce ranar Asabar da rana matan unguwa da na cocinsu za su taru a gidanta, kowa ta kawo abin da ta gasa, a ci, a yi musaya, kowa ta koma gida da na wasu. Ta ce, «Ke ma ki gaso mana wani abu. Kuma ki turo mini mijin nan naki mai cin fai a tsaye, ya ɗaukar mini kujeru.»

Ni kuwa tun da muka zo, obin ɗin gidan, wato murhun gashi, ma'ajiyar tukwane na mai da shi. Suya na iya, tuƙi na iya, amma gashin kek ban taɓa ba. Duk da haka ban ce ban iya ba (kun dai fara gane ni). Ranar Juma'a na kwashe tukwanen, na auna fulawa da gwangwanin madara, sukari da ido, bota da zuciya. Na farko ya fito baƙi a gefe, tsakiya kuma kunu. Na biyu ya tashi ya yi kyau, ina buɗe ƙofar obin ya sauke numfashi ya zauna. Na uku ne ya ɗan yi kamar kek, in an kalle shi daga nesa. Na yanke inda ya ƙone, na barbaɗe shi da garin sukari, na ce Allah ya rufa asiri.

Asabar na ci kwalliya, na sa atamfata mai ruwan ganye, na goya Hanifa. Abban Hanifa ya riga ni zuwa, yana ta jigilar kujeru. Gidan ya cika da mata, sun kai goma sha biyar, yawancinsu tsofaffi, kowa da jar riga ko koriya. Tebur ya cika fal. Na ajiye kek ɗina a can ƙarshe, bayan wata tukunyar fure.

Ban gama zama ba sai wata doguwar mata, Gloria, ƙanwar Mama Loretta, ta ɗauko yanka ɗaya ta nufo ni. Ta ce, «Ke kika yi wannan? Me da me kika sa? Akwai gyaɗa?»

Raina ya ɓaci nan take. Na ce a zuciyata, ji mata, a gaban mutane! Na daure na lissafa mata. Ta ce madalla, ita gyaɗa ce ba ta ci, tana kumbura mata fuska, ta gatsa abinta ta wuce. Sai na fara lura. Ashe kowa tambayar kowa take yi. Wannan ta ce akwai ƙwai, waccan ta ce sukari nawa ne don likita ya hana ta, mai abin kuma ta amsa tana dariya, har da jin daɗin an tambaye ta. Babu wadda ta ɓata rai, babu wadda ta ce an zarge ta. Nan na fara gane wautata.

Mama Loretta kuwa sai yawo take da ni tana nuna ni. «Wannan ce ɗiyata 'yar Najeriya. Duk abin da na gasa, ita da mijinta ba sa bari ya kwana.» Matan suna ta cewa Allah sarki. Ni kuwa ina ta addu'ar kada Allah ya sa ta tsaya hira da Abban Hanifa.

Askirim ne ya kashe ni. Wata ta zo da manyan robobi huɗu, firjin Mama Loretta kuma ko allura ba ta da wurin shiga. Ana ta shawarar yadda za a yi, sai na ji muryar mijina daga bakin ƙofa, cike da son taimako: «Ai muna da babbar firiza a gida. Ku kawo in kai.»

Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, «Abban Hanifa, a cike take.»

Ya ce da ƙarfi, «Haba, rabin rago ne fa kawai a ciki.»

Ya ɗauki biyu. Mama Loretta ta ɗauki ɗaya, Gloria ta ɗauki ɗaya, wai ba za su bar shi da wahala ba. Na bi su a baya da goyo, ina cewa su kawo in kai da kaina, ɗakin a hargitse yake, babu wanda ya saurare ni. Tsakanin gidanta da namu taku ashirin ne, amma a ciki na karanta duk addu'ar da na iya.

Ya ɗaga murfin. Ya ga wuri bai isa ba, ya kama cinyar rago ya ɗaga. Ga su nan a jere, ƙunshi biyar, suna ƙyalli, ƙanƙara ta lulluɓe su. Da ya yi shiru, wataƙila da na samu wata ƙaryar. Amma sai ya buɗe ɗaya, idonsa ya yi waje, ya ce da Turanci don kowa ya amfana, «Kai! Kek! Maman Hanifa, yaushe muka samu kek a gidan nan?»

Mama Loretta ta dube shi. Ta ce, «Ba kai ne ka ci yanka uku na fai ɗina a tsaye ba?»

Ya ce, «Ni? Wane fai?»

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mama Loretta ta ajiye robar hannunta a hankali, ta ɗauko ƙunshin farko ta warware. Biskit ɗinta ne, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta sa yatsa ƙarƙashinsu ta zaro wata 'yar takarda a ninke, ta daskare. Ta buɗe na biyu, ta zaro wata. Haka har biyar. Ta miƙo mini ta farkon.

Rubutun hannunta ne, manya-manya. Ta jera duk abin da ta sa: fulawa, bota, sukari, citta, ƙwai. A ƙasa ta ja layi ta rubuta cewa babu man alade, babu giya, ko ruwan ƙamshin da ta ɗiga ma ta nemo marar giya ne takanas saboda mu.

Ta ce, «Shekara nawa ina ciyar da yaran Musulmi a makaranta. Kin zaci ban sani ba?» Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. «Sati uku kina gaya mini daɗinsu. Ni kuma ina tashi da sassafe ina kunna obin.»

Sai hawaye suka zubo mini. Na tsaya a gaban firiza da goyo a baya, na faɗi gaskiya tun daga kan Anti Hajara. Na ce tsoro na ji, kuma a garinmu tambayar abin da ke cikin abincin maƙwabciya zagi ne, ni kuwa gara in mutu da in zage ta, don ba ni da kowa a nan sai ita.

Ta ce, «Ita Antin taki cewa ta yi kada ki tambaya?»

Na sunkuyar da kai na ce, «A'a. Cewa ta yi in tambaya.»

A nan Gloria ta kasa riƙewa. Ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce, «Loretta, gaya mata labarin haƙorinki! Yarinya, 'yan duwatsun nan da kika soya mata ranar farko, a kansu haƙorinta na roba ya tsage. Ta hana ni faɗa. Da ta dawo daga wajen likita, jiƙa su ta riƙa yi a kofi, sai da ta cinye su tas, wai kada ranki ya ɓaci.»

Wato ni na fasa wa tsohuwa haƙori ta cinye nawa, ita kuma ta bi kanti-kanti saboda addinina na binne nata a ƙarƙashin rago. Abban Hanifa, maimakon ya taya ni jin kunya, yana gefe yana ƙoƙarin gatsa daskararren biskit.

Mama Loretta ta juyo ta dube ni. Ni dai na riga na sallama, na ce shi ke nan, na rasa ta. Can sai ta girgiza kai, ta sa gefen rigar girkinta ta share mini fuska da ɗan ƙarfi, yadda ake yi wa yaro mai majina. Ta ce, «Ɗauko su duka. Kai ma ɗauki biyu, mai cin fai a tsaye.»

Haka muka koma cikin taron a jere, kowa da ƙunshi. Ba ta tona ni da bakinta ba, amma Gloria tana nan, kafin a ɗumama fai ɗin farko labari ya zaga falo har kicin. Aka zaunar da ni a tsakiya, aka karɓi Hanifa, aka miƙo mini cokali. Mata goma sha biyar suka zuba mini ido. Mama Loretta ta tsaya a kaina ta ce, «Yanzu ki ci, ki gaya mini gaskiya.»

Na yi bisimilla na kai baki. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, duk ƙaryar da na yi sati uku ban kai rabin daɗinsa ba. Na ce, «Mama, wallahi ya fi yadda na faɗa.» Falon ya kaure da shewa da tafi. Ita ma ta yi dariya, ta ce saura huɗu, kuma ba inda za ni sai na ɗanɗana kowanne. Sannan ta sunkuyo ta raɗa mini cewa kek ɗina ɗanye ne a tsakiya, in zo ranar Litinin ta koya mini, kuma in zo da tambayoyina duka.

Tun daga ranar na yarda matambayi ba ya ɓata, kuma kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, tawa kuwa ga shi shekara nawa ana ba da labarinta. In kuma kin ƙi ji, kin ce lallai sai kin yi ƙaryar mijinki ya cinye abincin maƙwabta, to don Allah ki fara sanar da shi.